Tururuwar kwamfuta ta gano hanyar da ba a koya mata ba: dabarar wa ce?

Ɗan_Aliero: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce gare ni, ina so malaman lissafi da iyayenmu manoma duk su sa baki. Aikin kammala karatuna a kan kwaikwayon gidan tururuwa ne a kwamfuta. Da manhajar NetLogo nake yi, wadda Uri Wilensky ya fitar a 1999. Kyauta ce, kuma akwai samfurin tururuwa a cikinta, gida ɗaya da tarin abinci uku. Dokoki kaɗan aka ba kowace tururuwa: ta yi ta yawo barkatai, in ta taka abinci ta ɗauka ta nufi gida tana zubar da ƙamshi a ƙasa, in kuma ta shaƙi ƙamshin wata ta bi inda ya fi ƙarfi. Shi ƙamshin a hankali yake gushewa. Ni sai na gitta katanga a tsakiyar hanya bayan layi ya riga ya kafu, abin da kawai na gaya musu shi ne in sun ci karo da ita su juya. Da farko suka cushe a jikin katangar, can sai ga layi ya sake haɗuwa ta gefen da ya fi kusa. Babu inda na rubuta a zagaya, babu inda na rubuta a zaɓi gajeriyar hanya. Ni na ce wannan ƙirƙira ce, abokin karatuna ya ce wasan yara ne. Me kuka gani?

Injiniya_Koko: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ina bayan abokinka. Kai ka ce su juya, kai ka ce su bi ƙamshi, kai ka sa ƙamshin ya riƙa gushewa. To me ya rage? Kwamfuta ba ta fitar da abin da ba a zuba mata ba. Mamakin da ka yi ba shaida ba ce, kawai ba ka lissafa ƙarshen dokokinka ba ne.

Baba_Suru: Ɗana, ni ban san kwamfuta ba, jikana ka rubuta min wanga. Amma tururuwa na san ta tun ba a haihe ka ba. Bakin gonata ta gero akwai gidansu, hanyarsu share take tas har cikin kunya. In kaka ta yi su jawo ƙwayar gero da ta ciyawa, su sussuke cikin rami, su hiddo ƙaiƙayi su zuba ya kewaye bakin ramin. In ruwa ya shiga musu, rana na hitowa sai ka ga sun hiddo hatsin sun shanya. Iyayenmu sun ba mu labarin shekarun yunwa da mutane sunka riƙa tonon gidan tururuwa suna kwasar abin da ta tara. Wanga aiki sai da shugaba. Sarauniyarsu na ciki, ita ka ba da umurni.

Malama_Halittu: Baba, Allah ya ƙara lafiya, duk abin da kuka faɗa a kan shanya hatsi haka yake. Sai dai batun sarauniya. Ita aikinta saka ƙwai ne, tana can ƙasa a cikin duhu, ba ta san ma inda gonarku take ba. Ma'aikatan da kuke gani duk mata ne, 'ya'yanta, kuma babu wadda ke tura su. Akwai wata malama a Jami'ar Stanford, Deborah Gordon, tun 1985 take bibiyar irin wannan tururuwa mai tara hatsi a hamadar Arizona ta Amurka. Ta gano cewa mai shirin fita takan tsaya a bakin rami tana taɓa masu dawowa da 'yan ƙahonninta. In masu dawowa da ƙwaya suna shigowa a jere da sauri, sai ta fita. In sun yi ƙaranci, ta yi zamanta. Da haka gida ke daidaita yawan masu fita da yawan abincin da ke waje, ba tare da kowa ya ƙirga ba. A 2012 ita da wani malamin kwamfuta, Balaji Prabhakar, suka nuna cewa tsarin ya yi kama da yadda intanet ke rage gudun aika saƙo idan layi ya cunkushe.

Baba_Suru: To ɗiyata, gari ba sarki kuma ba rikici? Allah mai iko.

Malam_Lissafi_BK: Bari in ɗan tsawaita, don asalin abin da Ɗan_Aliero ke yi daga tururuwar gaske aka ɗauko shi. A 1989 wasu masana a Brussels ta Beljiyam, cikinsu har da Jean-Louis Deneubourg, suka ɗauki wata ƙaramar tururuwa 'yar asalin Ajantina, suka haɗa gidanta da wurin abinci ta gada mai reshe biyu. Da rassan suka zama tsawo ɗaya, da farko tururuwa ta rabu biyu, daga baya kusan duka suka koma reshe ɗaya, yau na dama, a wani gwajin na hagu. Da aka sa ɗaya ya ninka ɗaya tsawo, mafi yawan lokuta gajeren suka ɗauka. Dalili a fili yake. Waɗanda suka yi dacen bin gajeren reshe su ke riga zuwa su riga dawowa, don haka ƙamshi ya fi saurin taruwa a kansa, na baya su bi shi, su ƙara masa nasu. Babu tururuwar da ta auna tsawon komai.

Ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. Da suka bar dogon reshe shi kaɗai har ƙamshi ya kama shi, sannan bayan rabin awa suka buɗe gajeren, yawanci tururuwar ba ta sauya ba. Ta ci gaba da bin doguwar hanya ga gajeriya a gefe.

Daga nan Marco Dorigo ya ɗauka, a kundin digirinsa na uku a Milan ta Italiya a 1992. Ya yi tururuwar lissafi, ya sa ta warware matsalar ɗan kasuwa mai son zagaya garuruwa da yawa, kowanne sau ɗaya, ya dawo gida ta hanya mafi gajarta. Kuma ya gyara raunin da aka gani a gada: ya sa ƙamshin ƙaryar yana gushewa sosai, don tsohuwar hanya ta riƙa mutuwa idan an samu wadda ta fi ta.

Injiniya_Koko: Malam, ai ka ƙarfafa ni. Dorigo ne ya zauna ya ga raunin ya gyara. Dabarar tasa ce.

Malam_Lissafi_BK: Dabarar tsarin tasa ce, Injiniya, ban musa ba. Amma hanyar da tururuwarsa ke fitarwa shi kansa bai san ta ba. Ɗauki wani misalin da ya fi wannan sauƙi. A 1986 Chris Langton ya yi tururuwa guda ɗaya tak a kan allo mai gidaje farare. Doka biyu ce: in tana kan farin gida ta juya dama, ta mayar da shi baƙi, ta yi gaba taku ɗaya. In tana kan baƙi ta juya hagu, ta mayar da shi fari, ta yi gaba. Ko a takarda za ka iya gwadawa. Sai ta yi wajen taku 10,000 tana damalmala allon ba kai ba gindi, rana tsaka ta shiga wani zubi mai taku 104 da ke maimaita kansa, ta shimfiɗa titi a karkace ta yi ta tafiya ba tsayawa. Karanta dokokin nan biyu sau ɗari, ba za ka hango titin ba. Har yanzu masana lissafi ba su iya kafa hujjar cewa kullum sai ta ƙare da titin ba, duk da cewa haka ake ta gani a gwaji.

Injiniya_Koko: In na sake kunna ta gobe daga farin allo, titin nan ne dai zai fito, a daidai takun da ya fito yau. Abin da ba ya iya yin daban ba mai ƙirƙira ba ne.

Yar_Argungu: Ku yi haƙuri in katse ku, tunda ga masanan tururuwa sun taru. Kiyashi ya hana ni sakat a ɗakin girki. Gwangwanin sukari ko a saman kabad na ɗora, gobe sun yi layi. Me zan yi?

Malama_Halittu: Hhhh Anti, amsarki na cikin muhawarar. Kada ki tsaya kan kashe waɗanda ke cikin sukarin, layin za ki bi ki goge da ruwan sabulu tun daga inda suke fitowa, ki toshe ramin. Kin goge ƙamshin, kin goge musu taswira. Gwangwanin kuma ki ɗora shi a faranti mai ruwa. Gwada wannan ma don nishaɗi: ja yatsa ki gitta layin, ki ga yadda za su dabarbarce a wurin kafin su sake haɗewa.

Yar_Argungu: Na gode 'yar uwa. Yau ɗin nan.

Alaramma_Gwandu: Ina ta karantawa. Ni abin da zan tunatar shi ne, a Suratun Namli, sura ta 27, aya ta 18, tururuwa guda ce ta yi wa 'yan uwanta gargaɗi su shige gidajensu kada Annabi Sulaimanu (AS) da rundunarsa su tattake su ba da saninsu ba. Wannan halitta ce da Allah ya yi wa ilhama, ba ɗigo ba ce a fuskar kwamfuta. Bincike abu ne mai kyau, amma kada yaranmu su zaci dokoki uku sun ƙure tururuwa.

Ɗan_Aliero: Allah ya gafarta Malam, ban ce sun ƙure ta ba. Ɓangare ɗaya kawai muke kwaikwaya.

Malama_Halittu: Maganar Alaramma na kan hanya ko ta fuskar bincike. Ba kowace tururuwa ba ce ke dogara da ƙamshi. Akwai ta hamadar Sahara da ke fita ita kaɗai da tsakar rana, ta yi ta kewaye-kewaye, in ta samu abinci ta miƙe sak zuwa raminta. A 2006 aka wallafa gwajin da wasu masana suka yi a Tunisiya: bayan ta isa wurin abinci suka manna wa wasu gashin alade a ƙafa don ƙafar ta ƙara tsawo, wasu kuma suka rage musu ƙafar. Masu doguwar ƙafa suka wuce inda ramin ya kamata ya kasance, masu guntuwa suka tsaya neman rami tun ba su kai ba. Ashe taku take ƙirgawa. Tururuwar Ɗan_Aliero ba ta da ko ɗaya daga wannan.

Direba_Jega: Ni duk wannan bayani ya min tsawo. Ina tuƙa motar ɗaukar shinkafa ne, in bi ƙauyukan fadama in tattaro buhuna daga hannun manoma in kai injin casa. Abin nan zai rage min kuɗin mai ko a'a?

Malam_Lissafi_BK: Alhaji Direba, taka ce ma ainihin matsalar da aka yi tsarin dominta. In wurare 5 ne, a ce Jega, Birnin Kebbi, Argungu, Bunza da Kalgo, zagaye iri 12 ne kawai, da ka ma za ka zaɓa. In sun kai 10, zagayen ya zama 181,440. In ka ce za ka taka hedikwatar ƙananan hukumomin Kebbi 21 duka, adadin ya haura biliyan sau biliyan. Ba a bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai a saki tururuwar lissafi da yawa, kowace ta yi zagayenta, wadda ta dawo da gajeren zagaye ta bar ƙamshi mai yawa a hanyoyin da ta bi, mai dogon zagaye ta bar kaɗan. A maimaita sau ɗaruruwa, sai ka ga hanya mai kyau ta fito. Ba ta yi maka alkawarin ita ce mafi gajarta a duniya ba, amma takan kusa, kuma cikin ɗan lokaci.

Direba_Jega: To ta san hanyar da ruwa ke cinyewa da damina? Ta san inda ba a bi in la'asar ta yi? Ta san manomin da sai ka iso ya ce bai gama sussuka ba? Ni gajeriyar hanya ba ita ce ke kai ni gida ba kullum.

Malam_Lissafi_BK: Ba ta sani ba sai ka gaya mata. A maimakon kilomita sai a sa mata awa, ko litar mai, hanyar da ta yanke a cire ta. Amfaninta shi ne in abu ya sauya ba sai an fara daga farko ba, tsohon ƙamshi ya gushe, sabo ya taru. Amma gaskiya in wuraren naka ba su wuce 6 ko 7 ba, kanka ya ishe ka.

Hajiya_Kamba: Ni na gane abin ne da misalin hanyar ƙafa. Tsakanin unguwarmu da kasuwa akwai fili, babu wanda ya taɓa zama ya zana turba a cikinsa. Wani ya yanke, ciyawa ta kwanta, na baya ya ga ta kwanta ya bi. In aka yi gini a gaba aka daina bi, damina ɗaya ciyawa ta rufe ta. To wa za a ce ya ƙirƙiri turbar? Na farkon bai yi niyya ba, na ƙarshen bi kawai ya yi.

Malam_Lissafi_BK: Hajiya kin gama darasin. Tun 1959 wani Bafaranshe, Pierre-Paul Grassé, ya bayyana haka a kan gara: kowace na ɗora ƙasarta inda ta tarar an ɗora, aikin da aka riga aka yi shi ke nuna wa mai zuwa abin da za ta yi, har suri ya tashi.

Zuru_Boy: Ku da ke yabon su ba ku taɓa haɗuwa da ƙwarƙwasa ba ne. Wata damina suka shigo mana akurkin kaji da dare, kukan kajin ne ya tashe mu. Layi baƙi ƙirin, manya masu kai a gefe da gefe baki buɗe, ƙanana na gudu a tsakiya. Mun zuba toka mai zafi a bakin ƙofa, sai suka hau bango suka biyo ta jikin azara. Kafin asuba sun tafi, ko kyankyaso ba su bari a gidan ba. Ku kira shi ƙirƙira ko me, ni dai na ga sun sauya dabara a gabana.

Malama_Halittu: Irin waɗannan na nahiyar Amurka har gada suke yi da jikinsu in sun tarar da giɓi. A 2015 an wallafa wani bincike da aka yi a Panama: gadar ba ta zama wuri ɗaya, tana matsawa tana ƙara tsawo don rage nisan hanya, sai ta tsaya a inda ƙarin masu kwanciya a gadar ya fi ribar da ake samu tsada. Amma Zuru_Boy, irin bin nan nasu na da halaka. A 1921 William Beebe ya ga rundunarsu a dajin Guyana ta ɓata, kowace na bin ta gabanta, suka zama da'ira mai kewayen kusan mita 370. Suka yi ta zagaye suna mutuwa, sai da wasu 'yan kaɗan suka kauce daga layin sannan ragowar suka samu mafita.

Ɗan_Aliero: Wannan labarin ya sa na koma kan kwamfuta. Injiniya, ga abin da na gwada. Na mayar da gushewar ƙamshi sifili. Filin duka ya jiƙe da ƙamshi, suka riƙa komawa inda abinci ya riga ya ƙare. Na ƙure gushewar, layi ya ƙi kafuwa sam, kowace na wahalarta ita kaɗai. Sannan na cire musu 'yar karkacewar nan ta barkatai da suke yi a kowane taku, sai suka zama masu tafiya a miƙe, abincin da ba ya kan hancinsu ba su gan shi ba. Sabuwar hanya ba ta fitowa sai in akwai masu kuskure layi, akwai kuma mantuwa daidai gwargwado. Kuma wannan ba kamar ta Langton ba ce, kowane kunnawa da yadda take kaya. Wani lokacin ma ta dogon gefen katangar suke kafewa.

Injiniya_Koko: Yanzu ka zo inda nake so. Kenan abin da kake kira ƙirƙira dace ne da tacewa: a watsa kuskure da yawa, a riƙe wanda ya yi amfani. Na yarda yana aiki, ni ma zan iya amfani da shi. Amma mai ƙirƙira yana da abin da yake nufi, yana kuma sanin ya samu. Tururuwarka ba ta san an yi katanga ba, ba ta san an kauce mata ba.

Malam_Lissafi_BK: Guda ɗaya ba ta sani ba, gaskiya ne. Tambayar ita ce ko taron na da abin da guda ba ta da shi. A ƙarshen 2024 masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, ƙarƙashin Ofer Feinerman, suka ba tururuwa da mutane jarrabawa iri ɗaya: a fitar da kaya mai siffar harafin T ta ɗakuna uku da ƙofofi biyu matsattsu, kowa da girman da ya dace da shi. Mutum ɗaya ya fi tururuwa ɗaya nesa ba kusa ba. Amma tururuwa da suka yi yawa sai ƙwazonsu ya ƙaru, suna ja da baya da kayan, su juya shi, su sake gwadawa. Mutane kuwa taro bai ƙara musu ba, da aka hana su magana aka rufe musu fuska ma sai suka kasa mutum ɗaya.

Zuru_Boy: Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ban da taron 'yan Adam kenan 😂

Alaramma_Gwandu: Wannan gwajin da tururuwar gaske aka yi shi, Malam, ba ta kwamfuta ba. Ya ƙara nuna abin da na faɗa.

Malam_Lissafi_BK: Haka ne, Allah ya gafarta Malam. Amfanin ta kwamfutar shi ne gwada zato. In muka ce doka kaza ce ke haifar da halin nan, sai mu rubuta ta mu kunna. In halin bai fito ba, zatonmu ne bai cika ba, a koma bakin rami a sake kallo.

Injiniya_Koko: A nan ba mu da saɓani. Saɓaninmu da Ɗan_Aliero ne, kuma yana nan. In zai rubuta a kundinsa cewa tururuwarsa ta daidaita da sabon yanayi, na sa hannu. In ya rubuta ta ƙirƙira, ya shirya wa tambayoyi ranar kare aiki.

Ɗan_Aliero: Yaya Injiniya, ni ma ban sauka ba. Hanyar sabuwa ce, tana da amfani, kuma ba ni na zana ta ba. In ɗalibi ya kawo wannan ai yaba masa za a yi.

Baba_Suru: Ɗana, bar gardama da Injiniya. Sa ma naka ruwan sama ya cika musu rami, mu gani in za su hiddo hatsi su shanya ba tare da ka hwaɗa musu ba.

Malama_Halittu: Baba kun ba shi aikin shekara. Nasa ba su da rami ma tukuna, balle su san jiƙa da bushewa.

Direba_Jega: Malam Lissafi, zan turo maka sunayen ƙauyuka 14 da nake bi da awannin da ke tsakaninsu, na rani daban na damina daban. A ba yaron ya saka, in gwada da tawa hanyar kafin a fara yankan shinkafa.